Tsakanin Kwando da Firji: Ina Arahar Kayan Miya Take?

A tsakiyar shekarar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari. Magidanci bai jira sanarwar hukuma ba, kuɗin cefanen da yake bari da safe sun riga sun sanar da shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta zarce 500 cikin 'yan kwanaki, duk abin da ake lodawa a mota kuma ya bi sahunta. Gero da masara ana iya sayensu da kaka a jibge a ɗaki. Tumatir da attaruhu da alayyafo kuwa ba su san ajiya ba, kullum sai an fita nemansu, kullum kuma sai an ji zafinsu a aljihu. Shi ya sa ake ta kai-kawo a kan inda ya fi dacewa a yi cefane. Wasu na ganin zamanin kasuwar gwari ya kusa wucewa, mafita tana ga manyan kantuna, musamman irin masu rangwamen nan da suka karya farashin abinci a Turai. Wasu kuma na cewa duk wanda ya bar kasuwar gwari ta 'Yankaba a Kano ya tafi sayen tumatir a cikin leda ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, kuɗi ne suka yi masa yawa. A kan batun araha ina tare da ɓangare na biyu. Sai dai masu goyon bayan kanti suna da hujjojin da ba a ture su da fatar baki, wasu daga ciki ma 'yan kasuwa ba su da amsarsu har yanzu.

Hujjarsu ta farko tarihi ne, kuma tarihin gaskiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasu 'yan'uwa biyu, Karl da Theo Albrecht, suka karɓi ƙaramin shagon mahaifiyarsu a garin Essen na ƙasar Jamus, daga nan aka samu kantin Aldi. Dabararsu ba ta da wuyar fahimta. A rage yawan nau'in kaya, a sayi kowane nau'i da yawan gaske kai tsaye daga mai yinsa, a bar shi cikin kwalin da ya zo ba tare da ɓata kuɗi wajen ƙawata shago ba, a ɗauki ma'aikata kaɗan, sannan a ci ƙanƙanuwar riba a kan ciniki mai yawa. Inda babban kanti yake jera kaya iri dubbai barkatai, irin wannan shago da wuya ya wuce iri dubu biyu. Kantin Lidl ma ya bi wannan hanya, kuma yau a Jamus da Ingila can mai ƙaramin ƙarfi yake nufa in yana neman karas da dankali da tuffa masu sauƙin kuɗi. A waɗannan ƙasashe, kasuwar manoma ta ƙarshen mako sau da yawa ita ce wurin masu hali. Tsarin ya fara leƙowa Najeriya, domin a Legas akwai Bokku, ƙananan shaguna a cikin unguwanni masu kaya ƙalilan da farashi mai rahusa. Saboda haka mai cewa kanti yana iya fin kasuwa araha ba mafarki yake yi ba, abu ne da aka gani aka taɓa.

Hujja ta biyu ta fi kusa da gida. A kanti farashi a rubuce yake, nauyi kuma sikeli ne yake faɗarsa. Wanda ya shigo da babbar riga da wanda ya shigo da silifas kuɗi ɗaya za su biya. A kasuwa kuwa farashi yana duba fuska: akwai na ɗan gari, akwai na baƙo, akwai na wanda aka ga ya fito daga mota. Ciniki gwaninta ce, ba kowa Allah ya ba shi ba. Amaryar da ba ta saba ba, da yaron da aka aika, da ma'aikacin da ya tashi aiki a gajiye, da mai kunyar da ba ya jure a ce masa "albarka" sau uku, duk suna biyan harajin rashin iya tayi, kuma ba su san nawa suka biya ba. Ga cunkoso, ga caɓi da damina, ga 'yan sane, ga sa'o'in da ake ɓatawa ana zagaya rumfuna. Malamar asibitin da ta kwana a bakin aiki tana da haƙƙin ta sayi kayan miyarta cikin minti goma ta koma gida ba wanda ya bangaje ta. Duk wanda ya raina wannan buƙata bai san halin da matan birni masu aiki suke ciki ba.

To amma a koma ga tushen arahar, domin a nan gizo ke saƙa. Akwai abin da ake tsallakewa a labarin Aldi: a shekarunsu na farko 'yan'uwan nan ba sa sayar da ɗanyen kaya. Sun gina arahar ne a kan abin da ba ya ruɓewa, domin sun san kayan da yake lalacewa cikin kwana biyu riba yake ci. Ɗanyen kaya ya shigo daga baya, a ƙasar da take da motoci masu sanyi, da ɗakunan ajiya, da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa, da manyan gonakin da za su iya cika alkawarin tan kaza duk mako, da firji a kowane gida wanda zai sa mace ta yi cefanen mako guda a fita ɗaya. Cire waɗannan ginshiƙai, ka ga abin da zai rage. A nan, a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit, wanda bai samu wutar ba kuma dizal yake ƙonawa. Duk tumatirin da yake kwance a kan kanta yana ɗauke da rabonsa na kuɗin haya, da na sanyi, da na leda, da na albashi, da na mai gadi, har da kuɗin 'yan'uwansa da suka yi laushi aka zubar. Mai tumatir a kasuwa kuwa jarinsa rumfa ce da inuwa da jiƙaƙƙen buhu da ɗan ruwan yayyafawa. A shinkafa da taliya da madarar gari da sabulu, kanti mai saye da yawa yana iya karya mai shagon unguwa, kuma yana yi. A ɗanyen kaya lissafin juyawa yake.

Sai kuma a bi sawun kayan. Tumatirin Kano mafi yawansa na noman rani ne, daga Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yake bin magudanai yana shayar da gonaki. Ana tara shi a Kwanar Gafan da ke kan hanyar Zariya, daga nan manyan motoci su kwashi nasu zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita dubu, na gida kuma ya nufi 'Yankaba a titin Haɗeja. Albasa tana zuwa daga Aliero a Kebbi da Galmi a Nijar, dankalin Turawa daga Mangu da Bokkos a Filato, lemo daga Binuwai ya sauka a 'Yanlemo da ke Na'ibawa. Wanda ya taɓa shiga 'Yankaba bayan sallar asuba ya san yadda abin yake. Motoci sun kwana a layi, 'yan dako suna sauke kwanduna da ganye a bakinsu, dillali ya ɗaga ganyen ya nuna fuskar kaya, masu sari sun kewaye shi, ana tayi ana albarka har ciniki ya faɗa. Kafin hantsi kwandon nan ya hau bayan adaidaita sahu, ya rabu gida goma, ya zama kashi-kashi a kan tebura a Gyaɗi-gyaɗi da Kurna da Sharaɗa. Yanzu a tambaya: kantin da ba shi da gonar kansa, ba shi da yarjejeniya da wata ƙungiyar manoma, ta wace ƙofa tumatirinsa zai shigo? Ta wannan ƙofa ce. Yaronsa zai zo ya tsaya cikin masu sari, ya zaɓi masu kyau, a kai a wanke a ɗaure. Kenan kanti bai rage matakan da ke tsakanin gona da tukunya ba, ƙari ɗaya ya yi a kai, kuma matakin da ya fi sauran tsada.

Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne yadda talaka yake saye. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, wato abin da bai kai naira 2,400 a rana ba, kuma mafi yawan magidanta ko wannan albashin ba su da shi. Lebura da tela da mai tura baro abin da rana ta bayar shi ake ci da dare. Irin wannan gida ba ya sayen kilo. Yana sayen tumatir na kaza, attaruhu na kaza, albasa guda biyu, kuɓewa kashi ɗaya, kuma kasuwa ta amince da haka ba tare da ta wulaƙanta shi ba. Tana da wata hikima kuma da kanti ba ya iya kwaikwayo: tana sayar da kaya daraja-daraja. A tebur ɗaya akwai manya masu ƙwari na mai son yanka salak, akwai matsakaita, akwai waɗanda suka ɗan yi laushi ko suka tsage amma lafiyarsu ƙalau in dai yau za a markaɗa su. Kowanne da kuɗinsa, kowanne da mai sayensa. Kanti daraja ɗaya ya sani, ta farko, sauran kuma shara ne. Da la'asar mai gwari yana sassautawa, don ya san abin da ya kwana gobe rabin kuɗinsa ne, matan da suka san haka kuwa lokacin suke aikawa. Sannan ga gyara, 'yan ƙwayoyi biyu ko uku da ake jefawa bayan an gama ciniki. Ga kuma abin da babu na'urar lissafin da za ta yi: "Baba, kai wannan gida, in an samu a kawo." Mai teburin unguwa ya san gidan da aka yi haihuwa, ya san wanda aikinsa ya tsaya. A ƙarshen wata mai wuya, bashin kayan miya na kwana uku shi ne yake raba wani gida da cin tuwo gaya.

Kasuwa kuma tana tafiya da lokaci. Daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da noman rani ya nuna, tumatir yakan yi araha har kwando ya zama abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya taya, a nan ne masu dabara suke saye su yanka su shanya kauɗa, ko su tafasa su zuba a kwalabe. In damina ta kama ya yi tsada, sai tukunya ta koma ga abin da ruwan sama ya kawo: rama, yakuwa, zogale, tafasa, lalo, ɗanyar kuɓewa, kabewa, yalo. Waɗannan su ne ɗanyen kayan da suka fi araha, suka fi gina jiki, kuma da yawansu ba su da gurbi a kan kanta, domin 'yar ƙauyen da ta tsinko su da asuba ta kawo a faranti ba ta da rasit, ba ta iya alkawarin kawowa kullum. In aka ce a auna araha, aka ɗauki farashin tuffa da inabi da latas kawai, an auna cefanen wani gida daban.

Kano ta riga ta ga gwaji. Shoprite ya shigo Najeriya a 2005, ya buɗe reshe a rukunin shagunan Ado Bayero a 2014, aka yi ta tururuwar zuwa. A 2021 uwar kamfanin ta Afirka ta Kudu ta sayar da harkarta ta Najeriya ga masu zuba jari na cikin gida, a Janairun 2024 kuma reshen Kano ya rufe, aka danganta abin da yanayin kasuwanci. Adalci ne a ce Shoprite babban kanti ne na gama-gari, tsarinsa daban da na Aldi, kuma dalilan rufe kamfani sukan yi yawa. Duk da haka akwai abin lura. A shekara goman da ya yi a birnin, ba a ji ranar da 'Yankaba ta rasa masu saye ba, ranar da ya rufe kuma ba a ji gidan da ya rasa kayan miya ba.

Masu sukar kasuwa za su ce: ai dillalai ne suke cinye manomi su cinye mai saye, kanti zai kawar da su. Akwai gaskiya a ciki. Akwai dillalin da yake tare manomi tun kafin ya san farashin gari, abin da shari'a ta hana tun zamanin ayari, akwai kuma wanda yake ba da bashin taki don ya mallaki amfanin gona da rahusa. Amma a duba aikin da sarƙar dillalan nan take yi kafin a ce a tsinka ta. Ita take tattara kwando biyar na wannan da goma na wancan daga dubban ƙananan manoma, ta biya su kuɗi a hannu ranar da suka tsinka, ta ɗauki asarar hanya a kanta. A Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu, cikin 'yan kwanaki tumatir ya faɗi warwas a Arewa, ya yi tashin gwauron zabi a Legas. Wannan ya nuna abin da yake faruwa in masu tsakiya suka janye hannu. Babban mai saye guda ɗaya kuma ba lalle ya zama rahama ba. Masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka gina don ta ci tan 1,200 a rana, ta buɗe a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonaki har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Masana'antar ta tsaya, ta kuma yi ta buɗewa da rufewa bayan nan, galibi saboda ba ta samun isasshen kaya a kan farashin da ita da manoma suka yarda da shi. In kamfani mai wannan ƙarfi, a tsakiyar gonakin, ya sha wuyar tara tumatir, ina ga kanti a cikin birni? Babban ɓarawon da ke tsakanin gona da tukunya ruɓewa ce. Ana jibga kwando a kan kwando cikin mota, na ƙasa ya matse, tsinken kwandon ya huda fata, rana ta ƙarasa. Akwatin roba mai cin kilo 25, wanda ake jerawa ba tare da nauyi ya sauka a kan kayan ba, yana rage wannan asara sosai, kuma ba ya buƙatar a rushe kasuwa kafin a yi amfani da shi.

Suka ta biyu ita ce ta algus, kuma a nan ba ni da niyyar kare kowa. Kwandon da aka jera manya jajaye a samansa, aka cusa ƙanana da ruɓaɓɓu a gindinsa, ha'inci ne ko da an saba da shi har an ba shi suna. Mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, da kwanon da ake saye da shi daban ake sayarwa da wani daban, da kashin da yake raguwa ƙwaya ɗaya duk mako ba a faɗa ba, duk tauye haƙƙi ne. Abin takaici shi ne al'ummar da take da sura guda a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu, take kuma karanta labarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa ya tsawatar, ita ce take jiran baƙon kanti ya koya mata awo. A wannan gaɓa kanti ya yi gaba, kuma ya kamata a faɗa. Sai dai rubutaccen farashi ma yana buƙatar mai sa ido. A Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci, bisa zargin cewa abin da aka rubuta a jikin kanta ya saɓa da abin da ake karɓa a wurin biya. Gaskiyar awo tana ga mai awon da mai sa masa ido. Sikeli kuma ba gadon kanti ba ne. Mahauta da yawa suna amfani da shi, masu sayar da kaji da kifi ma haka. Babu abin da ya hana shugabannin kasuwar gwari su ajiye sikeli na kowa da kowa a kowace ƙofa, su kafa allo su rubuta farashin kwando da na kilo duk safiya. Kasuwar da ta koyi karɓar kuɗi ta waya cikin 'yan watanni, lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ba za ta gagara koyon wannan ba.

Tsafta ma haka take. Ba a musun cewa ana baza ganye a ƙasa kusa da kwata, ana wanke karas da ruwan da ba a san asalinsa ba, ƙuda yana yadda ya ga dama. An daɗe ana gargaɗi a kan lambunan da ake shayarwa da ruwan rafin Jakara da na Getsi, wanda yake ɗauke da dattin gidaje da na masana'antu, hukumar NAFDAC kuma ta sha jan kunne a kan masu nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabayid. Waɗannan haɗura ne na gaske, yara suke fara kamawa. Amma mai tunanin leda ta kuɓutar da shi ya sake tunani, tunda an ga daga inda kayan kanti yake fitowa. Leda tana hana ƙura, ba ta faɗar ruwan da ya shayar da latas. Ko daga ina aka saya, ganyen da za a ci ɗanye sai an wanke shi da kyau da ruwa mai tsabta. Ƙazantar kasuwa kuwa tana da mai ita. Kullum ana yankar tikiti, ana karɓar kuɗin rumfa da na sauke kaya da na shara. Ina suke zuwa? Rijiyar burtsatse, da magudanar ruwa, da teburan siminti, da ban-ɗaki, da motar kwashe shara kullum, ba su kai kuɗin gina rukunin shaguna guda ɗaya ba. Sanyi ma yana da hanyoyin da ba su dogara da wutar gwamnati ba. Akwai ƙananan ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana da ake biya a kan kowane akwati, akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana ƙara wa tumatir da tattasai kwanaki ba tare da ko sisin kuɗin wuta ba.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta nisa. Arahar 'Yankaba ta mai sayen kwando ce, kuma wanda yake zaune a Ɗorayi ko Rijiyar Zaki in ya haɗa kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, ribar ta tafi. Shi ya sa yawancin mutane wurin mai teburin bakin layi suke saye, inda kaya ya riga ya bi hannu uku, talaka ya zama shi ne mai biya mafi tsada a kan kowace ƙwaya. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma kanti bai warware ta ba, tunda shi ma yana can unguwar masu motoci. Abin da yake warware ta tsoho ne a wurinmu. Gida biyar ko shida su haɗa kuɗi kamar yadda ake haɗa adashi ko watandar nama da salla, mutum ɗaya ya je ya saro kwando da buhun albasa, a dawo a raba. Kuɗin mota ya kasu, farashin sari ya shigo gida, wanda ya iya ciniki ya yi wa waɗanda ba su iya ba. Hukuma kuma in tana son taimakawa, ta ware fili a sababbin unguwanni don ƙananan kasuwannin gwari, maimakon a bar kowane fegi ya zama shaguna masu hawa da mai kashin tumatir ba zai taɓa iya biyan hayarsu ba.

Saboda haka hukuncina shi ne wannan. Mai neman mai da taliya da sabulu da madara ya gwada kanti, ya kwatanta, sau da yawa zai samu sauƙi. Mai halin da yake sayen lokacinsa da kwanciyar hankalinsa ya sayi kayan miyarsa a can, babu laifi, amma ya san abin da yake biya ke nan, ba araha ba. Ga sauran jama'a, muddin wuta tana tsada, gonaki ƙanana ne, cefane kuma na yini ɗaya ne, ɗanyen kaya mai sauƙin kuɗi yana kasuwa. Abin da ya rage yana hannun sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gwari da ƙananan hukumomin da suke karɓar kuɗin shiga. A sa sikeli a ƙofa, a rubuta farashi a allo, a hukunta mai yi wa kwando fuska biyu, a kawo ruwa, a ɗaga ganye daga ƙasa kafin damina ta sake sauka.